Babi na Shida: Maganin Borin Jini da Ƙarin Amino Asid, Shin Suna Zama Ciki Ɗaya?

Da zarar hunturu ya kama, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, cinikin masu kemis kan karkata ga ƙorafi iri ɗaya: atishawa, yoyon hanci, ƙaiƙayin ido da na maƙogwaro, da borin jini da kan taso wa mutum ruɗu-ruɗu a fata. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ba ta ƙyale babba ba ta ƙyale yaro. Abin da mai kemis kan miƙo kuwa kusan kullum ɗaya ne daga dangin magungunan da likitoci ke kira antihistamin, Piriton ko ɗaya daga cikin 'yan uwansa. A gidajen nan dai da ake shan waɗannan ƙwayoyi, da wuya ka rasa kwalbar maganin ƙarin ƙarfi irin su Astymin a kan firji, ko robar garin amino asid da samari masu ɗaga ƙarfe ke kaɗawa a ruwa. Mutum ya sha wannan da safe, ya sha wancan da dare, daga baya zuciya ta ɗarsa masa: anya haɗin nan babu matsala?

Ga baligi mai lafiyar hanta da ƙoda, wanda ba ya shan wani magani na daban, idan ya sha ɗaya daga sababbin magungunan alaji tare da amino asid na yau da kullum daidai yadda aka rubuta a jikin kwali, likitoci ba su san wata cutarwa da ke biyo baya ba. Wannan ita ce amsar, kuma gaskiya ce. Sai dai sharuɗɗan da ke cikinta suna da yawa, kuma yawancin masu tambayar sun karya ɗaya ko biyu ba su sani ba. Maganin alaji iri-iri ne, amino asid ma haka, kwalbar da ake sayar da su a ciki kuma ba safai take ɗauke da abu ɗaya tak ba.

Amino asid ba baƙo ba ne a jikin ɗan Adam. Duk furotin da muke ci, na nama ne ko ƙwai, wake, gyaɗa, nono ko kifi, idan ya isa hanji narkewa yake ya koma amino asid, jiki ya kwashe ya gina tsoka da fata da jini. Iri 20 ne ke shiga ginin furotin, 9 daga cikinsu jiki ba ya iya haɗawa da kansa, sai dai ya samu daga abinci. Saboda haka wanda ya ci ɗanwake da ƙwai sannan ya haɗiyi Piriton ya riga ya haɗa antihistamin da amino asid, kuma abin da ya ci ya ninka na cikin cokalin sirof sau da dama. Inda labari ke sauyawa shi ne idan aka ware amino asid guda ɗaya, aka tattara shi da yawa a ƙwaya ko gari, aka sha shi ba tare da abinci ba. A nan ya tashi daga abinci, ya fara aiki irin na magani, kuma dole a yi masa kallon magani.

Tsakanin alaji da amino asid akwai zumunta ta kusa. Histamin, sinadarin da ke haddasa ƙaiƙayi da kumburi da atishawa, jiki yana yin sa ne daga wani amino asid mai suna histidin. Yana ajiye histamin ɗin a cikin wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune a fata da hanci da huhu da hanji. Idan ƙura ko ƙurar fure ko harbin ƙwaro ko wani abincin da jini bai karɓa ba ya taɓa su, sai su fashe da shi, ƙananan jijiyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsatso, wurin ya kumbura ya hau ƙaiƙayi. Henry Dale da abokin aikinsa Patrick Laidlaw ne suka bayyana aikin histamin a jiki a Ingila a 1910. Aka ɗauki shekaru kafin a samu abin da zai tare shi, sai a 1937 Daniel Bovet da Anne-Marie Staub suka dace a Cibiyar Pasteur ta birnin Faris, Bovet kuma ya samu lambar Nobel a 1957.

Yadda maganin ke aiki shi ne abin da ke kwantar da hankali game da histidin. Histamin kamar makulli ne, a jikin ƙwayoyin halitta kuma akwai kwaɗon da ya dace da shi. Antihistamin yakan riga shi zuwa ya toshe ramin kwaɗon, makulli ya zo ya rasa mashiga. Maganin ba ya hana jiki yin histamin, histidin ɗin da ke cikin abinci kuma ba ya sa ƙwayoyin su fashe. Ɗan histidin da ke cikin sirof na ƙarin ƙarfi ba zai karya maganinka ba. Duk da haka, a ganina mai fama da borin jini ba shi da dalilin zuwa ya sayi histidin zalla ya riƙa ɗura wa cikinsa. Wurin da histidin ke zama masifa a zahiri shi ne kifi. Titus da tuna da sadin suna da shi da yawa a tsokarsu, idan kuma wuta ta ɗauke, ƙanƙara ta narke, kifin ya jima a zafi, ƙwayoyin cuta kan juya shi ya koma histamin tun kifin yana kan tebur. Suya ko dahuwa ba sa kashe shi. Wanda ya ci, cikin mintuna fuskarsa ta yi zafi, kai ya sara, jiki ya hau ƙaiƙayi, sai ya yanke hukuncin cewa jininsa ba ya son kifi, alhali kifin ne ya lalace.

Magungunan alaji sun kasu gida biyu, kuma rabin amsar tambayarmu tana cikin sanin gidan da naka ya fito. Akwai tsofaffi: kulofeniramin da ke cikin Piriton, difenhaidiramin da ke cikin Benadryl wanda ya shiga kasuwa a 1946, furometazin na Phenergan, da saifuroheftadin na Periactin. Waɗannan suna tsallakawa su shiga ƙwaƙwalwa, a can kuwa histamin yana cikin abubuwan da ke riƙe mutum a farke. Shi ya sa suke sa barci, su busar da baki, su dusashe gani, wani lokaci su riƙe fitsari. Sai sababbi da suka fara fitowa daga shekarun 1980: setirizin, loratadin, da feksofenadin. Su kaɗan ne ke kaiwa ƙwaƙwalwa, ƙwaya ɗaya kuma kan wadatar a yini, ko da yake setirizin yakan ɗan sa wasu gyangyaɗi. A shekarar 2000 masu bincike a Jami'ar Iowa ta Amurka sun gwada direbobi a na'urar kwaikwayon tuƙi, suka tarar miligiram 50 na difenhaidiramin ya fi giya lalata musu tuƙi, feksofenadin kuwa bai taɓa su ba. Abin da ya fi tayar min da hankali a binciken shi ne yadda jin barci bai zama ma'auni ba: mutum kan ce garau yake, hannunsa kuwa ya riga ya yi nauyi. Direban da zai ɗauki fasinja daga Kano zuwa Maiduguri, da ɗan acaɓa, da mai a-daidaita-sahu, ya kamata su san wannan kafin su karɓi ƙwayar mura.

Tsoron haɗa magani da magani ba camfi ba ne. Wani antihistamin mai suna tafenadin ya yi farin jini a Amurka tun daga 1985, sai aka gano cewa idan ya haɗu da eritromaisin ko ketokonazol yakan taru a jini ya rikita bugun zuciya, har an rasa rayuka. Zuwa 1998 an janye shi. Feksofenadin da ake sha yau shi ne abin da hanta ke mayar da tafenadin, an ɗauko shi ba tare da wancan haɗari ba.

A cikin amino asid, wanda ya fi bukatar a tsaya a kansa shi ne tiriftofan. Da shi ƙwaƙwalwa ke yin serotonin, daga serotonin kuma take yin melatonin mai saita barci. Don haka ake sayar da shi, da ɗan uwansa 5-HTP, ga masu rashin barci da damuwa. Shi 5-HTP ɗin ma daga yankinmu yake tafiya: ana tatsar sa daga irin wata shuka da ke fitowa a Ghana da Togo da Kodebuwa, a kai Turai da Asiya a zuba a kafso. Wanda ya haɗa tiriftofan da tsohon antihistamin ya tara masu sa barci biyu, haka kuma wanda ya haɗa antihistamin ɗin da gilaisin ko tiyanin ko GABA, waɗanda duk don natsuwa ake shan su. Ga matashi a kan gadonsa, abin zai iya tsayawa a nauyin jiki da safe. Ga tsohon da zai tashi fitsari cikin duhu, faɗuwa ce da karayar ƙugu.

Akwai kuma haɗari na biyu da ya fi barci muni. Kulofeniramin, ban da tare histamin, yana ɗan hana jiki kwashe serotonin. Shi kaɗai da tiriftofan da wuya su kai ga ɓarna. Amma a ƙara musu tiramol, ko maganin tari mai ɗauke da dekstrometofan, ko maganin damuwa irin su fulokzetin da amitiriftilin, serotonin zai iya yin yawan da zai zama guba. Alamominsa rawar jiki, fizgar tsoka, gumi, zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, gudawa da ruɗewa, kuma sukan zo cikin 'yan awoyi. Wannan na asibiti ne nan take, ba na a jira gari ya waye ba. Na ambaci tiramol da gangan, domin kowa ya san yadda ya yaɗu a tsakanin leburori da matasa, mai shan sa kuma ba ya faɗa wa mai kemis.

Tiriftofan yana da wani tarihi da ya dace mai sayen kayan ƙarin lafiya ya sani. A 1989 wata baƙuwar cuta ta ɓulla a Amurka, mai tsananin ciwon tsoka da taurin fata. Fiye da mutum 1,500 suka kamu, aƙalla 37 suka mutu. Da aka bi sawu sai aka tarar kusan dukkansu sun sha tiriftofan da ya fito daga kamfani ɗaya na ƙasar Jafan, Showa Denko, wanda ya sauya hanyar sarrafa shi, aka kuma samu wasu gurɓatattun sinadarai a ciki. Shekaru biyar bayan haka, dokar Amurka ta 1994 ta ba masu kayan ƙarin abinci damar sayarwa ba tare da sun fara tabbatar da amfaninsu kamar yadda ake tilasta wa masu magani ba. Da yawa daga robobin da ake tallatawa a Instagram ana kawo mana daga irin waɗannan kasuwanni suke. Lambar hukumar NAFDAC a jikin kaya ita ce mafi ƙarancin abin da za a nema, wanda ba shi da ita kuwa a bar wa mai shi kayansa.

Samarin gidan ɗaga ƙarfe nasu lissafin daban ne. Amino asid ɗin gina tsoka, liyusin da 'yan uwansa biyu, da gulutamin, ba su da rigima da loratadin ko setirizin. Arjinin da sitrulin kuwa suna buɗe jijiyoyin jini, shi ya sa ake sa su a garin motsa jiki da kayan ƙarfin maza. Suna iya sauke jini, furometazin ma yana saukewa, idan kuma akwai maganin hawan jini ko Viagra a ciki, mutum zai miƙe tsaye jiri ya kwashe shi. Ta ɗaya gefen, garin da ake sha kafin motsa jiki yawanci cike yake da kafin, ludayi ɗaya kan kai kofin kofi biyu ko uku. Magungunan mura masu haɗi irin su Actifed kuma suna ɗauke da sudo'efedirin mai buɗe hanci, wanda ke ɗaga jini da bugun zuciya. Saurayi ya sha biyun ya hau ɗaga ƙarfe, ƙirjinsa ya riƙa dukan uku-uku, ya ɗora laifin a kan amino asid da maganin alaji, alhali abokan tafiyarsu ne suka yi aikin.

Feksofenadin yana da nasa ɗan sharaɗi: ruwan lemo da na tuffa suna rage shigarsa jini, haka maganin gyambon ciki mai magniziyam da alminiyam. Da ruwa zalla ake shan sa, a ba da tazarar awa biyu tsakaninsa da su. Setirizin kuma ta ƙoda yake fita, don haka mai ciwon ƙoda akan rage masa, shi ne kuma mutumin da bai kamata ya sha garin furotin ko amino asid ba sai da izinin likitansa. Mai ciki, mai shayarwa, mai hawan jinin ido, da dattijon da fitsari ke fita masa da ƙyar, su ma kada su yanke wa kansu hukunci a kan tsofaffin antihistamin.

Duk abin da na lissafa ya shafi wanda ya san abu biyu yake sha. Wanda ya fi damuna shi ne haɗin da aka riga aka yi a kwalba ɗaya, aka kira shi bitamin.

Ka leƙa ɗakin amaryar da ake wa gyaran jiki, saura wata guda biki. Bayan turaren wuta da dilka da kayan mata, a gefen madubi akwai wata kwalbar sirof da 'yan ƙwayoyi a ƙullin leda. Takan sha cokali kafin abinci, ta cinye kwano biyu, ta kwanta ba ta tashi ba sai azahar, ta farka baki a bushe, ido a kumbure, yunwa kuma na jiranta. Idan yayarta ta yi magana, sai ta ce, "Haba Yaya, ai bitamin ne, har da amino asid a ciki." Sunan da mata suka ba wannan kaya shi ne sha-ka-fashe. Mafi shahara a irin waɗannan sirof shi ne Apetamin, wanda ake yi a Indiya. Kowane mililita 5 nasa yana ɗauke da miligiram 150 na laisin, wanda amino asid ne na gaske, da 'yan bitamin, da kuma miligiram 2 na abin da za ka ga an rubuta cyproheptadine a jikin kwalbar. Wannan na ƙarshe, wato saifuroheftadin, tsohon maganin alaji ne, kuma shi ne ke yin duk aikin. Yana toshe histamin da serotonin a sashen ƙwaƙwalwa mai sanar da mutum ya ƙoshi, sai ci ya buɗe, barci ya zo, kitse ya taru.

A duba lissafin laisin ɗin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa baligi yana bukatar miligiram 30 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini, wato mai kilo 60 yana bukatar 1,800. Giram 100 na busasshen wake yana ɗauke da fiye da 1,500, daidai da cokali goma na sirof ɗin. Gaskiya ne gero da dawa da masara suna da ƙarancin laisin, kuma gidan da tuwo kaɗai ake ci safe da dare zai iya rasa shi. Maganin wannan yana kasuwar hatsi: wake, waken suya, awara, daddawa, nono. Laisin ɗin cikin kwalba bai kai ya ƙara wa kowa ƙiba ba, amma ya isa ya sa mai saye ya saki jiki.

Saifuroheftadin magani ne na halal a hannun likita, har ma da shi ake kwance gubar serotonin da na ambata. Shan sa wata da watanni ba bisa ƙa'ida ba ne ke kawo jiri, rawar hannu, dusashewar gani, riƙewar fitsari, kuma likitoci sun ba da rahoton waɗanda hantarsu ta kumbura ta dalilinsa. Hukumomin magunguna na Birtaniya da Amurka ba su amince da Apetamin ba. BBC ta yi shiri a kansa a 2021, hukumar abinci da magunguna ta Amurka kuma ta fitar da gargaɗi a 2023. A Kinshasa, wani bincike da aka buga a 2016 ya tambayi mutum kusan 500, fiye da kashi 70 cikin ɗari suka ce sun taɓa shan saifuroheftadin, yawancinsu don ci ya buɗe. Yanzu a ɗora hunturu a kan wannan. Amaryar nan ta kamu da mura, aka ba ta Piriton, aka ƙara da ƙwayar mura mai haɗi wadda ita ma akwai kulofeniramin a ciki, da dare ta sha maganin tari mai difenhaidiramin. Magani huɗu ke nan masu tsohon antihistamin a jini ɗaya, ita kuwa a lissafinta guda ɗaya ta sha. Iyakar Piriton ga baligi ƙwaya shida ce ta miligiram 4 a yini, kuma wannan iyaka an yi ta ne ga wanda shi kaɗai yake sha.

Yara sun fi shiga haɗari. Uwa ta ga ɗanta ba ya cin abinci, maƙwabciya ta ba ta sunan sirof, yaro ya hau ci da barci, kowa ya ce magani ya karɓe shi. Yaro ƙarami antihistamin mai yawa kan iya jefa shi cikin firgita da fizge-fizge. Furometazin an hana ba wa ɗan ƙasa da shekara biyu saboda yana iya tsayar da numfashi, Birtaniya kuma tun 2009 ta hana ba wa 'yan ƙasa da shekara shida magungunan mura da tari masu irin waɗannan sinadarai. Sannan rama da rashin ci alama ce, akwai abin da ke ƙarƙashinta: tsutsar ciki, tarin fuka, ciwon suga, ƙarancin jini, cuta mai karya garkuwar jiki, ko damuwa. Buɗe ci da ƙarfin magani yakan rufe alamar, cutar ta ci gaba da cin mai ita.

Mai son amsa a kan nasa haɗin, ya kwashi kwalaye da kwalabe da ƙullin ledar duka ya kai wa masanin harhaɗa magunguna a famasi ko likita, domin sunan da ke gaban kwali ba ya faɗin abin da ke ciki, sai ƙananan rubutun baya. Ya faɗi har abin da yake jin kunyar faɗa. Idan borin jini ya zo da kumburin leɓe ko harshe, shaƙewar murya ko sarƙewar numfashi, babu ƙwayar da za ta wadatar, allurar adirenalin ake bukata a asibiti mafi kusa. Mai shan sha-ka-fashe kuma ta binciki 'yan ƙananan ƙwayoyin da ake haɗa mata da sirof ɗin, don sau da yawa deksametazon ne, mai kumbura fuska da ciki, ya tayar da suga da hawan jini, ya raunana ƙashi. Wadda ta shafe makonni tana shan sa kada ta yanke shi rana ɗaya, domin jiki ya riga ya rage yin nasa sinadarin, yankewa farat ɗaya kan iya sa jini ya faɗi har ta suma. Likita ne zai riƙa rage mata shi kaɗan-kaɗan har ta rabu da shi.